Takardun Ɗaukar Aiki Biyu a Hannun Matashi: Wacce Zai Karɓa?

Wanda ya gama hidimar ƙasa a Najeriya yakan yi watanni, wani ma shekaru, yana kai takardu ofis-ofis. Duk da haka akan sami wanda ƙofa biyu za ta buɗe masa lokaci guda, kuma galibi ƙofofin iri biyu ne: gurbi a ma'aikatar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, da gurbi a banki, kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji. Kwanaki kaɗan ake ba shi ya amsa, kuma a cikinsu kowa a gida ya zama mai ba da shawara.

Abin da za a fara tantancewa shi ne ko ayyukan biyu ne da gaske. Sau da yawa ɗaya takarda ce mai sa hannu, ɗaya kuwa alkawari ne na wani babba da ya ce "sunanka yana ciki". Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ita ma takardar sai an karanta ta da natsuwa, musamman sunan da ke samanta. Bankuna da manyan kamfanoni da dama suna ɗaukar ma'aikatan kwantiragi ta hannun wani kamfani na daban. Matashi zai zauna a kan kanta ɗaya da ma'aikacin dindindin, su yi aiki iri ɗaya, amma albashinsu da alawus da hanyar ƙarin girma ba ɗaya ba ne. A duba tsawon lokacin gwaji, da wa'adin sanarwa kafin sallama, da maganar inshorar lafiya da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Kamfanin da ya yi shiru a kan wannan ya riga ya nuna halinsa.

Sai albashi, wanda shi ne ke ruɗin mutane. Adadin da aka rubuta na shekara ne kafin a cire haraji da fansho da kuɗin asusun gidaje, don haka abin tambaya shi ne nawa ke faɗawa asusu a ƙarshen wata. Daga nan a cire kuɗin zama a garin da aikin yake. A Abuja da Legas shekara guda ake biyan haya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali, shi ya sa ƙananan ma'aikatan Abuja da yawa suke kwana a Mararaba, Nyanya ko Suleja, su fito tun asuba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na albashin irin waɗannan. Naira dubu ɗari uku a Legas tana iya kasa dubu ɗari da hamsin a Gusau ko Azare ga wanda yake kwana gidan mahaifinsa yana cin tuwon gida.

Hujjar iyaye a kan aikin gwamnati ita ce tabbas, kuma hujja ce mai ƙarfi. Mai digiri yana shiga aikin tarayya a matakin albashi na 8, a tabbatar da shi bayan shekara biyu, ya cancanci zama jarrabawar ƙarin girma duk shekara uku, ya yi ritaya idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Korarsa sai an bi matakai. Sai dai tabbas ɗin na kujera ne, bai shafi darajar kuɗin ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A 2015 jihohi da dama sun tara bashin albashi na watanni har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki, kuma a Kaduna an sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji ta 2017. Ɓangaren masu zaman kansu ma yana da nasa tarihin. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007. Da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da yawa, musamman a Arewa maso Gabas, suka wayi gari ba aiki, alhali jiya su ne abin sha'awa saboda kaurin albashinsu.

Ma'aunin da ya fi waɗannan duka nauyi, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne abin da aikin zai koya wa mutum a shekaru ukun farko. Albashin farko yakan ƙare a watansa. Ƙwarewa ita ce ake ɗauka a kai kasuwa. Akwai ofishin gwamnati da sabon ma'aikaci zai shekara ba a ba shi fayil ko ɗaya ba, ya sa hannu da safe ya koma gindin bishiya, kuma akwai sashen da a wata shida zai iya rubuta takardar bayani ga majalisar zartarwa ya fahimci yadda ake tsara kasafin kuɗi. Haka a banki: wani za a koya masa tantance masu neman rance, wani kuwa a ɗora masa adadin kuɗin ajiya da zai nemo kowane wata, ya ƙare da yawon roƙon 'yan kasuwa. Sunan ma'aikata ba ya faɗin wannan. Wanda zai faɗa shi ne wanda ya riga matashin shiga da shekara biyu ko uku, kuma tambayar da za a yi masa ita ce wane ne shugaban sashen, yana sakar wa yara aiki ko kuwa komai a aljihunsa yake.

Ana kuma duba wace ƙofa ce za ta fara rufewa. Bankuna da manyan kamfanoni kan sa iyakar shekaru ga sababbin masu digiri, sau da yawa 26 ko 27, don haka wanda ya bari yanzu ba lallai ya sake samu ba. Gurbin gwamnati ma ba kullum ake buɗe shi ba. Mai burin ƙaro karatu ya san cewa malamin jami'a ko kwalejin gwamnati yana iya samun hutun karatu da tallafin asusun TETFund. Mai burin kasuwanci kuma ya san cewa kundin tsarin mulki na 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma, ko da yake ana yawan kau da kai.

Halin gida yana sauya lissafin gaba ɗaya. Wanda yake ɗauke da mahaifiya da ƙanne ba zai yi kasadar da ɗan mai hali zai yi ba, kuma ba tsoro ba ne idan ya zaɓi albashi ƙarami da ba ya yankewa. Mace takan ƙara da tambayar inda za a tura ta bayan aure da hutun haihuwa: dokar ƙwadago ta tanadi mako 12 da aƙalla rabin albashi, aikin tarayya kuwa yana ba da fiye da haka da cikakken albashi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da aikin da ya shafi kuɗin ruwa ba, kada ya danne ta, domin tun 2012 bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, yake aiki, wasu irinsa kuma sun biyo baya. Shawara da istihara suna da gurbinsu, amma shawarar wanda ya bar aiki shekara ashirin da suka wuce tana bayanin zamaninsa ne. Ga matashin da ba kowa a wuyansa, aikin da ya fi koyarwa shi ya fi, ko da albashinsa bai kai ɗayan ba.

Idan an yanke hukunci, kada a saki ɗaya sai an karɓi takardar ɗayan, an kammala cike-ciken kama aiki. Daga nan a rubuta wa waɗanda aka bari takardar godiya da uzuri cikin gaggawa, domin akwai wani a layi yana jiran gurbin. Idan wani babba ne ya yi hanya, a je a same shi ƙafa da ƙafa, kada labarin ya riga mutum isa wurinsa.