Kafin A Sayar Da Gona: Zaɓen Makarantar Koyon Tuƙin Jirgin Sama



Kwamitin ilimi ya nemi in yi bayani a kan tambayar da iyaye ke yawan kawowa: yaro ya ce matuƙin jirgin sama yake son zama, wace makaranta za a kai shi? Buri ne mai kyau, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano. Kamfanin Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ɗan Katsina ne, Sanata Hadi Sirika kuma, wanda ya riƙe harkar sufurin sama daga 2015 zuwa 2023, matuƙi ne ɗan jiharmu. Sai dai zamanin da kamfanin Nigeria Airways ke ɗaukar yara ya horar da su ya wuce, domin an rushe shi a 2003. Yau yawanci aljihun uba ne, ko na gwamnatin jiha, ko na ƙungiya irin tamu.

Kafin a yi maganar makaranta, a fara da likita. Ba a ba mutum lasisin tuƙin jirgin haya sai da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, daga likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ta amince da shi. Ana duba zuciya da ji da gani, har da iya bambance launuka. Akwai yaron da zai girma bai san ba ya rarrabe ja da kore da kyau ba sai ranar gwajin. Kuɗin wannan gwaji kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin makaranta, don haka kada a taɓa gona ko shanu sai likita ya sa hannu. A kuma tabbata yaron ya ci Lissafi da Fiziks da Turanci, domin da Turanci ake magana da hasumiya, kuma tun 2008 ƙa'idar duniya ta wajabta wa matuƙa kai mataki na 4 a gwajinsa.

A gida muna da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga Dutsin-Ma ta Ƙanƙara da Funtuwa tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Akwai kuma kwalejin Ilori da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa. A waje, 'yan Nijeriya sun fi zuwa Afirka ta Kudu da Amurka.

To, ga inda nake so mu daɗe. Abin da ake saye a makarantar tuƙi awoyi ne a sama. Ƙa'idar duniya ta ce mai neman lasisin haya ya cika shekara 18, ya kuma yi awa 200 yana tuƙi, ko 150 idan kwas ɗin na musamman ne da hukuma ta amince da shi. Darasin aji, wato dokokin sama da yanayi da kewaya da sanin inji, kowace makaranta za ta iya bayarwa. Awoyin nan kuwa sai da jirgi mai lafiya, da malami, da mai, da sarari mai kyau. Mu ɗan yi lissafi. A ce makaranta na da ɗalibai 60 da jirage 3 masu tashi. Ɗaliban na bukatar awa 12,000. Idan kowane jirgi ya yi awa 5 a rana, kwana 250 a shekara, jimla awa 3,750 ke nan. Ka ga karatun da aka ce na shekara ɗaya da rabi ne ya haura shekara uku, yaro yana zaune yana cin kuɗin abinci da na ɗaki, abin da ya koya kuma yana zubewa, sai an sake biyan awoyi an maimaita masa.

Saboda haka kada a tambayi makaranta jirage nawa gare ta. A tambaye ta nawa ne suka tashi a wannan makon. Jirgin da ke cikin rumfa yana jiran kayan gyara daga ƙasar waje, a hoto yana nan da kyansa. A tambayi irin man da suke sha, domin man ƙananan jirage na da wuyar samu a ƙasar nan. Wannan na cikin dalilan da suka sa Zariya ta kawo jiragen Diamond masu shan irin man manyan jirage. A tambayi kwana nawa hazo ke hana tashi tsakanin Disamba da Fabrairu, tun da sabon ɗalibi da idonsa yake tuƙi, kuma duk wanda ya tashi a Kurfi ya san yadda hunturu ke rufe gari. Mafi muhimmanci, a nemi waɗanda suka gama bara a ji yaushe suka shiga, yaushe suka fita. Gani ya kori ji: uba ya je da ƙafarsa, ko ya tura wanda ya amince da shi.

Mai son waje ya san abu biyu. Da dala ko kuɗin ƙasar zai biya, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Duk wanda ya yi kasafinsa da naira a lokacin, kuɗinsa bai kai shi rabin hanya ba. Na biyu, lasisin waje sai NCAA ta tantance shi ta mayar da shi na gida kafin a yi aiki da shi a nan. Ko ina ne kuma, a biya mataki-mataki. Makarantar da ta nace sai an zube mata kuɗin duka tun ranar farko, a yi hattara da ita, domin idan ta rufe, da wuya a ga ko kwabo.

Sannan lasisin haya ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Dole ya haɗa da izinin tuƙi da na'urori kaɗai cikin gajimare, da na jirgi mai inji biyu. A duba takardar yarjejeniya ko suna ciki. Bayan haka kamfani zai nemi shaidar ƙwarewa a kan irin jirginsa, misali Boeing 737, wadda ake yi a na'urar kwaikwayon tuƙi da kuɗi masu yawa. A nan ne matasa da dama suka maƙale da lasisi a hannu ba aiki. Kujerar kyaftin kuwa sai an tara awa 1,500.

Shawarata ga kwamitinmu ita ce, idan za mu tallafa, gara mu ɗauki yaro ɗaya, namiji ko mace, mu kai shi har shaidar ƙwarewar nan, da mu raba kuɗin ga uku su tsaya a awa 80. Ina kuma roƙon 'yan'uwanmu mazauna Zariya da Ilori su ba sakatare sunan mutum guda a kowane gari da zai riƙa raka iyaye zuwa makarantun.