Yaron da ke son zama malamin likitoci

 Kai da za ka sayar da bijimi saboda karatun yaronka, fara tambayarsa: duba marasa lafiya kaɗai yake so, ko har da koyar da likitoci? In koyarwa ce, to a duba harshe. A jami'o'in Njamena, Abeche da Yamai galibi Faransanci ne, kuma hukumar CAMES ta Wagadugu ke tantance mai neman zama farfesa. Maiduguri kuwa Turanci ne, tsarinsu daban, ga jarabawar JAMB. Kafin ka biya ko sisi, aika a tambayo: asibitin koyarwarsu na da manyan malaman da za su ja shi cikin bincike?