Bayan Rauni a Laka, Akwai Sauran Tafiya



A da, wanda lakarsa ta tsinke ba ya daɗewa a duniya, domin gyambon kwanciya da ciwon mafitsara kan kashe shi. A 1944 Likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashe a asibitin Stoke Mandeville ta Ingila, ya sa a riƙa juya majiyyaci duk bayan awa biyu. A 2018 kuwa, masana a Lausanne suka dasa wa mutum uku na'ura mai tsikarar laka da lantarki, har suka taka da madogari.

To, mu fa? In mota ta kaɗe mutum muka cicciɓe shi ba mu tallafe wuyansa ba, mu muka ƙarasa ɓarnar. Daga bakin titi bincikenmu zai fara.