Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Jami'an Tsaron Jami'a



Mai girma Shugaban Jami'a, Magatakarda, Shugaban Sashen Tsaro, wakilin Kwamishinan 'Yan Sanda, wakilin Kwamandan Sibil Difens, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa, shugabannin ɗalibai, malaman da suka ba da horo, da ku 'yan'uwa maza da mata da ake yayewa yau.

Na gode da wannan karramawa. Ina taya ku murna, ina kuma taya iyalanku da suka jure rashin ganinku tsawon wannan horo.

A da, in an samo tsohon soja an ba shi kulki da tocila da usur, an gama maganar tsaron makaranta. Wannan zamani ya wuce, kuma da jini ya wuce. A Afrilun 2012 'yan bindiga suka afka wa masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. A Satumbar 2013 aka kashe ɗalibai cikin barcinsu a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba, jihar Yobe. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri da asuba. A 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, aka shiga Jami'ar Greenfield, aka kuma shiga gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja. A Satumbar 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ku lura, galibin waɗannan hare-hare da dare ko da asuba aka kai su, a ɗakunan kwana da wuraren ibada da gidajen da ke bakin daji. Lokacin da makaranta ke barci, ku kaɗai ne idonku biyu.

Na san abin da ke ran wasunku: me mai kulki zai yi da mai bindiga? Tambaya ce ta gaskiya. Doka ba ta ba ku bindiga ba, kuma ba wanda ya ce ku tari harsashi da ƙirji. Abin da ke hannunku shi ne lokaci. A Amurka jami'o'i suna da 'yan sandansu na kansu tun 1894, sa'ad da Jami'ar Yale ta fara ɗaukar biyu, kuma yau yawancinsu da makamai suke aiki. Duk da haka a 2007 an kashe mutum 32 a Jami'ar Virginia Tech. Abin da aka fi zargin hukumar makarantar da shi shi ne jinkiri: an yi harbin farko a ɗakin kwanan ɗalibai da sassafe, amma sai bayan sama da awa biyu saƙon gargaɗi ya fita. Akwai makami, labari ne bai isa da wuri ba.

Saboda haka kada ku raina littafin nan da ke kan teburin get. Mota ta shigo ƙarfe ɗaya da kwata na dare, a rubuta lambarta, da launinta, da mutum nawa ne a ciki, da wurin wa suka ce za su. Fitilar bayan ɗakin kwanan mata ta mutu, a rubuta, gobe a sake rubutawa, har sai wanda abin ya shafa ya gaji da ganin rubutun. An ga katanga ta tsage, ko sawun babura a inda ba hanya, kada a bari sai an sauka aiki. Kuma da ɗan gari akan ci gari. Mai shayin bakin get, da 'yan acaɓa, da mai unguwar da ɗalibanmu ke haya a cikinta, su ne ke fara ganin baƙuwar fuska. In kullum tsawa ce tsakaninku da su, ranar da suka ga wani abu za su ja bakinsu su yi shiru.

Amma ba don 'yan bindiga kaɗai aka horar da ku ba. Wataƙila ku yi ritaya ba ku gan su ba, Allah ya sa haka. Abin da za ku gani kusan kowane mako shi ne an kama yaro da wayar wani, ɗalibai sun yi masa ca, ana ihun ɓarawo, wani har ya ɗauko dutse. A nan ake gane wanda ya samu horo. Ku shiga tsakani, ku kai shi ofis, ku rufe ƙofa, ku kira DPO. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yarje wa kowa ya kama mai laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta haramta duka don a tilasta wa mutum amsa laifi. Ba mari, ba bulala, ba tsallen kwaɗo. Ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu a 2012, zargin sata ne kawai aka yi musu, kuma daga baya kotu ta hukunta wasu daga cikin waɗanda suka aikata.

Sai ɗalibar da ta zo da kuka cewa wani ya ci zarafinta. Kada a tsayar da ita a bakin get maza na kallo, kada a tambaye ta me ya fitar da ita da dare. A ba ta wuri ta zauna, a kira jami'a mace, a rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗa, ko da wanda take ƙara babba ne a makarantar nan. Ku tuna amanar iyaye ce. Na ji daɗin ganin mata cikin waɗanda ake yayewa, sai dai, ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, sun yi kaɗan.

Tunda na juyo gare ka, Shugaba, bari in sauke saƙona. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, kuma a 2023 aka buɗe cibiyar kai wa makarantu ɗauki a ƙarƙashin Sibil Difens. Duk wannan ba zai iso get ɗinmu ba in rediyon hannu ba caji, motar sintiri ba mai. Ina roƙo a sa horon sabunta ilimi cikin kasafin kowace shekara, har da taimakon gaggawa da kashe gobara. A riƙa atisaye tare da ɗalibai kowane zangon karatu, kowa ya san ƙarar gargaɗi da inda zai nufa. A rinƙa fitar da rahoton laifukan da suka auku a harabar nan duk shekara, kamar yadda doka ta wajabta wa jami'o'in Amurka tun 1990. Ɓoyewa don kare suna ɓarawo kaɗai take yi wa amfani. Sannan wannan takarda da za a miƙa musu yau ta yi tasiri wajen ƙarin girma da albashi. Jami'a gidan ilimi ce, bai dace mai tsaronta ya shekara ashirin a mataki ɗaya ba.

Ku kuma ɗalibai, in an ce ku nuna katin shaida, ku nuna ba gardama, kuma ku adana lambar ofishin tsaro a wayoyinku tun yau.

Allah ya tsare ku, ya yi riƙo da hannayenku, ya mai da kowa gidansa lafiya.