Sauron Rana Da Mai Juna Biyu: Jawabi Kan Cutar Zika

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo, barkanku da zuwa.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan wata cuta da sauro ke kawowa, ana ce mata Zika. Ba zazzaɓin cizon sauro da muka saba da shi ba ne, kuma maganin wancan ba ya yi mata komai. Sunan wani daji ne a Yuganda, inda aka fara gano ƙwayar cutar a jikin biri a 1947. Kada wani ya ce ai abin can nesa ne. Tun shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ibadan suka same ta a jinin mutane a nan jihar Oyo. Duniya dai ba ta kula da ita ba sai a 2015, da aka ga mata a Brazil suna ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna, har a ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. An ɗage dokar a Nuwamban wannan shekarar, amma cutar tana nan.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. A cikin mutum biyar da suka kamu, wajen huɗu ba sa jin komai. Wanda ma ya ji, ɗan zazzaɓi ne, da ƙuraje, da jan ido, da ciwon gaɓoɓi, kafin mako guda ya miƙe. Amma in mace tana da ciki, ƙwayar tana ratsawa ta mahaifa ta kai ga ɗan, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa tun tana haɗuwa. Uwa tana wanke-wankenta lafiya lau, ba ta san an yi ɓarna a ciki ba. Wata ta yi ɓari, wata ta haifi bakwaini, wata a haifi ɗan ba rai. Wani kuma ya zo da ɗan ƙaramin kai, ko ya tashi ba ya gani sosai, ba ya ji, ko farfaɗiya ta kama shi. Hukumar ta ƙiyasta cewa jarirai 5 zuwa 15 cikin 100 na matan da suka kamu suna da ciki sukan zo da irin wannan matsala. Haɗarin ya fi yawa a watanni ukun farko, lokacin da matanmu ke ɓoye ciki saboda kunya. Kuma har yau ba rigakafi, ba magani.

Na san wani zai ce, Alhaji, ai muna kwana cikin gidan sauro. Madalla, a ci gaba. Sai dai wannan sauron da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, shi ne dai mai kawo shawara da zazzaɓin dengi. Kuma ya fi son ruwa mai kyau wanda ya kwanta. Randa, duro, bokitin da aka tara ruwan sama, tsohuwar taya a wajen mai faci, gwangwani, ɓawon kwakwa. Ku dubi yadda muke zaune a nan Kudu: ruwan sama kusan wata bakwai, famfo ba tabbas, kowane gida da duro biyu uku a buɗe. Wallahi mu muke kiwonsa da hannunmu.

Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Saboda haka duk mako a juye ruwa, a dirje cikin mazubin da soso, don ƙwan yana maƙalewa a jiki, ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Sannan a rufe ruf. Wannan fa aikin maigida ne da samarin gida, kada a bar mai ciki da ɗaga duro. Ita kuma ta sa tufa mai rufe hannu da ƙafa, ta shafa maganin korar sauro, in za ta yi barcin rana ta saki gidan sauro.

Ku yi mini afuwa, iyaye, akwai maganar da ta shafi mu 'yan kasuwa masu tafiye-tafiye. Cutar tana bi ta saduwar miji da mata, kuma tana daɗewa a maniyyi. Wanda ya dawo daga ƙasar da take yaɗuwa, shawarar likitoci ita ce ya yi amfani da kwaroron roba har wata uku, in kuwa uwargida tana da ciki, har sai ta sauka.

Mai ciki in ta ga zazzaɓi da ƙuraje, ko idonta ya yi ja, kada a tsaya a kemis. Banda asfirin, don in dengi ne yana jawo zubar jini. A kai ta asibiti a faɗa musu tana da ciki, ko na wata guda ne, a yi mata awo da hoton ciki su bi girman kan yaron. Kuɗin mota da na kati kuma, maigida, daga aljihunka.