Ina Za Ta Je Neman Ƙwarewa? Jawabi Ga Iyayen Ɗaliban Likita

   

Kwamitin ilimi ne ya nemi mu ce wani abu a kan yaranmu masu karatun likita. Da farko mun so mu noƙe, domin alli muka sani, ba allura ba. Abin da ya sa muka amsa shi ne wata shawara da aka kawo mana zaure bayan babbar salla, wadda har yau ba ta bar ranmu ba. Masu ita sun yarda mu faɗa, bisa sharaɗin a sakaya suna.

Yarinya ce 'yar garin nan, ta bi ta hannunmu tun tana aji ɗaya, yanzu tana shekarar ƙarshe a jami'a. Mahaifinta ɗan kasuwar hatsi ne, ya sayar da shanun nomansa sau biyu saboda karatunta. Shi Ingila yake so ta tafi, don ya ga abin da ɗan maƙwabcinsa ke aikowa. Mahaifiyarta ta ce ba ta yarda da garin da mota ba za ta kai ta a yini ɗaya ba. Kawunta ya ce ga Saudiyya, ga kuɗi, ga kusanci da Harami. Ita kuwa mai abin tana gefen tabarma, kai a sunkuye, ba wanda ya tambaye ta.

Da yake yawancinmu muna zaton da an gama jami'a an gama, ya kamata mu fara da bayyana hanyar. Shekara shida ake yi kafin a sami digirin likita. Sai shekara guda ta koyon aiki a asibiti, wadda sai da ita hukumar likitoci ke ba da cikakkiyar rajista, sannan shekarar bautar ƙasa. Wanda ya tsaya nan likita ne, yana duba kowa da komai. Wanda kuwa ke son ya zama gwani a fanni ɗaya, kamar tiyata, ko yara, ko ido, ko mata da haihuwa, sai ya koma asibitin koyarwa, yana aiki ana biyansa albashi, yana koyo a ƙarƙashin manyan likitoci. Masu jarrabawar su ne Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da kwalejojin likitoci na Afirka ta Yamma guda biyu. Jarrabawar farko sunanta Firamare. Ranar da wani tsohon ɗalibinmu ya ce mana zai zauna Firamare, sai da muka ce masa, "Ashe takardar da muka sa maka hannu ba ta ci ba?" Bayanta akwai kashi na ɗaya da kashi na biyu, na biyun har da rubuta kundin bincike. Jimla shekara huɗu zuwa shida, in komai ya tafi daidai.

To, ku lissafa. Yarinyar da ta shiga wannan horo tana da shekara 27 ba za ta fito ba sai ta haura 30. Cikin waɗannan shekaru za ta yi aure, ta haihu, ta sa yara makaranta, ta yi ƙawaye da maƙwabta. Saboda haka abin da muka fara gaya wa mahaifinta shi ne, "Alhaji, ba makaranta kake zaɓa mata ba, gari kake zaɓa wa jikokinka." Mun daɗe muna lura, inda likita ya yi ƙwarewa, galibi nan yake kafa turke.

Ba mu ce tafiya waje laifi ba ce. Likitan farko da Arewa ta samu, Dakta Barau Dikko, a Birmingham ya yi karatu, ya dawo ya yi wa jama'a aiki, ga sunansa nan a kan asibitin koyarwa a Kaduna. Ba kuma za mu zargi matasa ba. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Mutum 16,000 ba sa tashi haka kawai. Yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa na 2021 ya kai wata biyu, kuma kowane irinsa yana iya jan horon ya ƙara tsawo. Ga kwanan asibiti, ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ga albashin da ba ya kai wata.

Sai dai hanyar wajen ba kamar yadda ake ba da labarinta a majalisa take ba. Mai son Ingila sai ya ci jarrabawar Turanci, ya ci PLAB kashi na ɗaya, sannan ya tafi Mancesta da kuɗinsa ya zauna kashi na biyu. Wannan duk izinin yin aiki kawai ya saya. Gurbin ƙwarewa wata gasa ce daban, kuma a 2025 gwamnatin can ta bayyana cewa 'ya'yan makarantunta za ta fifita. Da yawa suna shekaru suna aiki a can ba tare da sun taka matakin gwanaye ba. Amurka kuwa tana da jarrabawarta, USMLE, a biya da dala, a nema, a jira watan Maris a ji ko an dace. In ba a dace ba, sai baɗi. A Disambar 2025 ma aka sanar da taƙaita wa 'yan Nijeriya wasu nau'o'in biza. Game da Saudiyya, mun ce wa kawun yawancin masu zuwa aiki suke zuwa yi ba koyo ba, kuma wanda ya je da takardar ƙwarewa a hannu ya fi daraja da albashi. Gaggawa a nan asara ce.

Mu da muka fito kwalejin horar da malamai a zamanin UPE mun san wani abu guda. Lokacin koyarwar gwaji, kowa yana addu'a a tura shi makarantar cikin gari mai kujeru. Amma waɗanda suka fito malamai na gaske su ne waɗanda suka faɗa hannun hedimasta mai tsanani, wanda zai zauna a bayan aji, ya duba littafin shirin darasi da jan biro. Ginin bai koya wa kowa komai ba. Haka muka fahimci aikin likita yake. Tambayar da ta kamaci iyaye ita ce: hannun wa yarinyar za ta shiga, kuma marasa lafiya nawa za ta taɓa da hannunta? Kwalejojin nan sashe-sashe suke tantancewa, ba asibiti dungurungum ba, kuma suna ƙayyade yawan waɗanda kowane sashe zai horar. Asibiti na iya yin suna, amma sashen da kake so ba shi da cikakkiyar amincewa. A tambayi waɗanda ke ciki: manyan likitoci nawa suka rage, kuma mutum nawa suka gama a kan lokaci?

Wurare kuwa ba mu rasa ba. Ga Shika a Zariya, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga na Sakkwato, Maiduguri, Jos, Bauci, Gwambe da Katsina. Mai son ƙashi ga Dala, mai son ido ko kunne ga Kaduna, mai son lafiyar ƙwaƙwalwa ga Barnawa da Kware.

Da muka gama duk wannan, sai muka juya gare ta muka ce, "'Yata, ke fa?" Ta ce, "Baba, mata da haihuwa nake so." Ta ba mu labarin wani dare a ɗakin haihuwa, aka kawo wata mata daga ƙauye bayan kwana biyu tana naƙuda, aka ceci uwar, ba a sami ɗan ba. Ta ce tun daga ranar ba ta sake tunanin wani fanni ba. Zauren ya yi tsit, domin mahaifiyarta ta rasa ƙanwa ta wannan hanya. Kuma gaskiyarta: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Jijjiga, zubar jini, yoyon fitsari irin wanda ake gyarawa a Babbar Ruga ta Katsina, a nan za ta gan su kullum, har hannunta ya faɗa. Mun ce wa mahaifinta ra'ayinmu ke nan: ta ƙware a gida, in ya so ta je waje ƙaro sani na shekara ɗaya ko biyu, ta je a matsayin gwana. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Malam, to ƙannenta biyar fa, wa zai ɗauke su?" Ba mu da amsa, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Wannan tambaya tasa ce muka kawo gaban ƙungiya, ya shugaba. Mun yi shekaru muna tara kuɗin rajistar jami'a, amma da yaro ya saka farar riga sai mu janye hannu, alhali a lokacin ne kuɗin jarrabawa da na tafiye-tafiye ke zuwa. Muna roƙon asusun ilimi ya ɗauki kuɗin Firamare ga duk ɗan garin nan da ya kai wannan mataki, ya kuma dubi ƙannen da ke bayansa. Muna roƙon 'yan'uwanmu da ke ma'aikatar lafiya su bi sawun tsarin da jiha ke ɗaukar likita aiki, ta tura shi horo da albashinsa, bisa yarjejeniyar ya dawo ya yi mata aiki. Likitocinmu na gida da na waje kuma su ware yini ɗaya a hutun salla su zauna da ɗalibai da iyayensu.

Ita dai yarinyar saura mata 'yan watanni ta zauna jarrabawar ƙarshe. Mahaifinta bai yanke ba tukuna, ya ce zai jira ya ji abin da wannan taro zai ce.