Jikin mai jego ba ya bukatar gyara a kasuwa

Jawabin da na yi a taron mata da matasa a Garagumsa



Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran da suka riƙe ciki wata tara, estirojin da furojestaron, sai su faɗi warwas cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa za ku ga mai jego tana kuka ba wanda ya taɓa ta. Galibi yana wucewa kafin sati biyu. In ya zarce, ba ta barci, ba ta marmarin jinjirin, to ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Mu kuwa sai mu ce iska ne, ko shagwaɓa.

Mahaifa kanta sai ta yi sati shida kafin ta koma. Arba'in ɗin kakanninmu ke nan. Nankarwa, duhun fuska, zubar gashi wajen wata na uku, duk aikin sinadaran ne. Shayarwa ma tana kawo bushewar gaba da raguwar sha'awa.

A daidai wannan lokaci, tana kallon madubi tana tunanin kishiya, ƴar kasuwa ke shigowa ta WhatsApp. Man bilicin mai haidurokwinon. Sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dezametazon ne: yana sa kumburi, ga hawan jini da ciwon suga a bayansa. Masu hali kuma suna kallon TikTok suna tambayar kuɗin tiyatar ƙarin mazaunai a Legas. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Mu nan a faranti ake tallarsu.

Ban ce kada mace ta so kyau ba, wallahi ni ma ina so. Amma maigida, kai da ka ce mata "kin lalace" ran suna, kai ne ka fara tallar.

Kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa ma a rage. Likitocin Zariya sun danganta su da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970.

Abin da muke roƙo a likitarmu: ran awon bayan haihuwa, in an duba jinjiri, ungozoma ta juyo ta tambayi uwar, "Ke fa, kina barci? Me kike sha, me kike shafawa?"